Kan sarki da furannin daji: Tarihin da ke manne a goshin ambulan

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira ko ya shiga ofishin gwamnati ya ga tambarin Najeriya: baƙar garkuwa, fararen dawaki biyu, da jar mikiya a sama. Abin da ido bai cika tsayawa a kansa ba shi ne ƙananan furannin da ke warwatse cikin ciyawa a ƙarƙashin kofatan dawakin.

Furen ƙasa ke nan. Masana tsirrai suna kiransa Costus spectabilis, Bahaushe kuwa ya san shi tun kafin a haifi Najeriya, ya kuma raɗa masa suna takalmin zomo, wasu su ce tabarmar zomo. Ɗan tsiro ne dangin citta, mai ganye huɗu da ke shimfiɗe a ƙasa, yana fitowa da farkon damina, furensa kuma ba ya daɗewa yake yaushi. A daji launinsa ruwan ɗorawa ne mai haske, amma a jikin tambarin ja aka zana shi, kuma haka yake tafiya a takardun gwamnati shekara da shekaru.

Wannan ya nuna irin matsayin da furannin daji suke da shi a wurinmu: suna gaban kowa, amma ba kowa ke ganinsu ba. Ƙasashe da dama sun lura da irin wannan mantuwa, sai suka nemi maganinta a wani wuri da ba a zata ba, wato ɗan ƙyallen takardar nan da ake mannawa a goshin ambulan. Najeriya da Nijar ma sun taɓa gwadawa, kuma abin da suka zaɓa suka buga yana da labari.

Daga kan Sarauniya zuwa gyaɗar Kano

A watan Mayun 1840 aka fara amfani da kan sarki a duniya, a ƙasar Ingila, bisa shawarar wani malami mai suna Rowland Hill. Kafin nan wanda aka aika wa wasiƙa ne yawanci ke biyan kuɗin ɗaukarta. Na farkon baƙi ne, kuɗinsa kwabo ɗaya, yana ɗauke da hoton kan Sarauniya Victoria. Har gobe Birtaniya ce kaɗai ƙasar da ba ta rubuta sunanta a jikin kan sarkinta, kan mai sarauta ya wadatar.

Legas ta samu nata a 1874. Arewacin Najeriya ya samu nasa a 1900, shekarar da Lugard ya kafa tutar Ingila a Lokoja. Bayan na Sarauniya Victoria sai na Sarki Edward na Bakwai ya biyo baya a 1902, sannan na Sarki George na Biyar. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka fara buga mai sunan Najeriya kawai. Tsawon kusan shekara 50 kan wani sarkin Ingila ne mutane ke gani duk lokacin da suka je gidan waya, don haka sunan da Hausawa suka ba abin bai zo da mamaki ba. A Nijar, inda Faransa ta yi mulki, tambur ake ce masa, an aro daga Faransanci.

A hankali hotuna suka fara ture kan sarakuna zuwa gefe. Jerin da aka fitar a 1953 ya nuna mahayan Borno, da gyaɗar Kano, da haƙar kuza, da gadar Jebba, da koko, da katako. A 1965 aka koma kan namun daji. Da aka sauya kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, sabon jerin ya zo da fatu da ƙiraga, da kiwon shanu, da matatar mai, da gandun dajin Yankari, da bikin kamun kifi na Argungu, da gadar Eko.

Idan aka jera su a tabarma aka duba, saƙon a fili yake. Ƙasa ce da ke gaya wa duniya abin da take sayarwa da abin da ta gina. Tsiron da ya samu shiga shi ne wanda ake auna shi a sikeli a loda a jirgin ruwa. Wanda ke fitowa da kansa a bayan gari, babu mai shuka shi babu mai saye, sai da ya jira.

Furanni huɗu na 1987

A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho gida biyu, harkar tarho ta koma NITEL, harkar wasiƙu ta koma NIPOST. Bayan shekara biyu, a 1987, hukumar ta fitar da jerin kan sarki huɗu na furannin Najeriya.

Na kwabo 10 yana ɗauke da Clitoria ternatea, wani tsiro mai yaɗo dangin wake, mai fure shuɗi kamar an tsoma shi a karofi. Sunansa na biyu ya samo asali daga tsibirin Ternate na ƙasar Indonesiya, kuma ana samunsa a yawancin ƙasashe masu zafi. Na kwabo 20 yana ɗauke da Hibiscus tiliaceus, ɗan uwan rama da yakuwa, sai dai shi bishiya ce ta bakin teku. Na kwabo 25 yana da Acanthus montanus, mai ganye da ƙaya, wanda ke son inuwar kurmi. Na kwabo 30 kuwa Combretum racemosum ne, mai hawa bishiyoyi a gefen kurmi, wanda ke yin ja wur wajen ƙarshen shekara.

Aiki ne mai kyau, kuma waɗanda suka yi makarantar kwana a wancan zamani, lokacin da wasiƙa ce hanyar jin labarin gida, wataƙila sun lashi bayan ɗaya daga cikinsu ba tare da sun kula ba. Sai dai uku daga cikin huɗun 'yan kurmi da bakin teku ne. Yaron Gumel ko na Illela da wuya ya ga wani fure a cikinsu da zai ce ya san shi a hanyar gona. Shi kansa takalmin zomo, furen ƙasa, bai samu shiga wannan jeri ba.

A 1993 an sake fitar da wasu huɗu na furannin da ake kira okid. A cikinsu akwai Eulophia cristata, wanda ke tsirowa a ƙasa cikin dajin ciyawa, yana fitar da fure mai launin shunayya kafin ganyensa ya fito. Wannan dai ya matso kusa da Arewa.

Nijar da furannin lambu

Jamhuriyar Nijar ta riga Najeriya. Tsakanin 1964 da 1965 ta fitar da jerin furanni tara, daga na sefa 5 zuwa na sefa 60, wato daga dala ɗaya zuwa dala 12 a lissafin mutanen ƙasar. An buga su da launuka masu ɗaukar ido, kuma masu tara kan sarki na neman su har yanzu.

Abin lura shi ne asalin furannin. Biyar daga cikinsu, wato Parkinsonia, da Russelia, da Lantana, da Plumeria, da Caesalpinia, 'yan nahiyar Amurka ne. Argyreia daga Indiya yake. Catharanthus daga tsibirin Madagaska. Hibiscus ɗin da aka zana irin na lambu ne da aka kawo daga gabas. Wanda talaka zai gane nan take shi ne furen soso, mai yaɗo a kan danga, wanda ake wanka da wanke-wanke da busasshen ɗansa.

A taƙaice, yawancinsu furannin da ake shukawa ne a harabar ofisoshi da gidajen manya a Yamai, ana ba su ruwa safe da yamma. Ɗaya daga cikinsu ma, Lantana, yana cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar, saboda yadda yake mamaye wuri ya kashe tsirran da ya tarar. Ƙasar da ke da kariya da rawaya da bado ta gabatar da kanta ga duniya da furannin aro.

Ba Nijar kaɗai ba ce. Da yawa daga ƙasashen da suka samu 'yanci a 1960 a Turai ake zana musu kan sarki a kuma buga, kuma mai zane yakan ɗauki abin da ya gani a lambun otal ko a littafi. Daga baya ma abin ya ƙara lalacewa, inda wasu ƙasashe suka miƙa harkar ga kamfanonin waje, su kuma suka riƙa buga hotunan taurarin finafinai da motocin tsere da sunan ƙasashen da ba su san da su ba, don sayar wa masu tarawa. Na jabu ma suka cika kasuwa, har ta kai Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, UPU, ta fito da tsarin ba kowane kan sarki na gaskiya lamba a 2002.

Yadda wasu suka yi

Sanya furen gida a jikin kan sarki tsohuwar al'ada ce. Tun a 1851 yankin Nova Scotia, wanda ke cikin Kanada a yau, ya sa furen dajinsa a cikin zanen nasa na farko. Daga 1943 Suwizalan ta riƙa fitar da furannin tsaunukanta a wani jeri da ake ƙara ɗan kuɗi a kan farashinsa, rarar kuma ta tafi ga ayyukan taimakon yara.

Ostireliya ta fara fitar da jerin furannin dajinta a 1959, kuma ba ta ba kowa aikin ba sai Margaret Stones, ƙwararriyar mai zanen tsirrai 'yar ƙasar, wadda ta shafe shekaru tana aiki da masanan lambun Kew na Landan. Darasin a nan shi ne, zanen fure aikin ilimi ne. Dole adadin ganye, da siffar fure, da launi su dace da abin da ke daji, har masani ya kalla ya faɗi sunansa. Da an bi wannan ƙa'ida, da takalmin zomo bai koma ja ba.

Afirka ta Kudu ta yi abin da ya fi haka a 1977. Ta mayar da dukan kan sarkin da ake amfani da su yau da kullum zuwa hotunan furannin protea iri-iri, tun daga mafi araha har mafi tsada. Shekaru da dama wasiƙu masu yawa da suka fita daga ƙasar suna ɗauke da ɗaya. Yankin Cape, inda yawancin waɗannan furanni suke, yana da nau'in tsirrai kusan 9,000, kuma kusan kashi 70 cikin 100 babu su a ko'ina a duniya sai can. A 2004 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Yau ƙungiyar wasan kurket ta ƙasar ma sunan furen take amsawa.

Amurka kuwa a watan Yulin 1992 ta fitar da falle guda mai kan sarki 50, kowanne da furen daji daban, kowanne a kan santi 29. Wata mai zane, Karen Mallary, ce ta zana su duka. Wannan bai zo haka kawai ba. Shekara goma kafin nan, a 1982, Lady Bird Johnson, matar tsohon shugaban ƙasar Lyndon Johnson, ta kafa cibiyar binciken furannin daji a birnin Austin na jihar Texas, bayan ta daɗe tana fafutukar a riƙa barin furannin gida su tsiro a gefen manyan hanyoyi.

Misali mafi kusa da mu shi ne na Zimbabuwe. Furen ƙasarta, Gloriosa superba, ya fito a kan sarkinta tun tana Rodeshiya ta Kudu, a 1953 da kuma 1964, kuma dokar ƙasar ta hana tsinkarsa ko sayar da shi ba da izini ba. Wannan fure da suke alfahari da shi yana nan a dazukanmu. Shi ne baurera, wadda wasu ke kira gatarin kurege, mai hawa ciyayi da damina, furenta ja da ɗorawa ya tanƙwaro baya kamar harshen wuta. Tana da dafi mai kisa, musamman a saiwarta, kuma daga irinta ake samun sinadarin da ake haɗa maganin wani ciwon gaɓoɓi, abin da ya sa ake nomanta a Indiya. A can doka na tsaronta, a nan fartanya ce rabonta.

Waɗanda ke bayan gari

Da za a ce a zaɓo furannin ƙasar Hausa da kewaye don a buga, ba za a sha wahala ba.

Akwai rawaya. Da rani, bayan wuta ta cinye daji ƙasa ta yi baƙi, sai ka ga manyan furanni masu ruwan ɗorawa sun ɓullo daga ƙasa babu ganye ko ɗaya. Saiwarta ake haƙowa a daka, a yi rini da ita, a sa a miya don launi, masu maganin gargajiya kuma na ba da ita ga mai shawara. Sunanta ne ma sunan launin a bakin Hausawa da yawa.

Akwai kariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja mai farin ciki, wadda ke yin ado a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe. Ruwanta dafi ne, mafarauta sun san shi. A yau masu lambu a Tailan da Taiwan sun yi mata aure iri-iri, sun fitar da launuka masu yawa, ana sayar da ita a tukwane a duniya da tsada. 'Yar gida ce ta je waje ta yi suna.

Akwai bado, mai farin fure da ke kwance a kan ruwan tafki da fadama. Ya ceci rayuka a shekarun yunwa, domin ana cin saiwarsa da 'ya'yansa. Akwai gurjiya, wadda ke zubar da ganye da hunturu ta rufe kanta da jan fure, kuma a ƙasar Tibi da Burkina Faso ana miya da ƙoƙon furenta. Akwai minjirya mai jan fure da ake kafa shinge da ita, da marga mai zubo da furanni ruwan ɗorawa kamar an rataya sarƙa, da ɗorawa mai jajayen ƙwallaye masu lilo waɗanda daga cikinsu kalwa ke fitowa, daga kalwa kuma daddawa. Furen kuka fari ne babba, da dare yake buɗewa, jemagu ne ke yi masa barbara, kafin rana ta yi zafi ya fara yaushi. Mutane da yawa sun tsufa a gindin kuka suna shan miyarta ba su taɓa kallonsa da kyau ba.

Har ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana da gurbi. Furensa mai ruwan hoda na da kyan gani, amma manomi ya san idan ya bayyana a gona to ya riga ya tsotse saiwar gero ko dawa. Kan sarki mai hotonsa zai iya zama darasin aikin gona.

Waɗannan sunaye ba su ɓace ba saboda an rubuta da yawansu. Wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai daga bakin manoma, da makiyaya, da mafarauta, da masu magani, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. A 1937 ya sake fitar da babban littafi kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Har akwai lokacin da masana ke kiran takalmin zomo na yankinmu da sunan da aka ɗauko daga nasa. Ilimin na mutanen ƙasa ne, shi ya rubuta. Abin tambaya shi ne ko jikokin waɗanda suka faɗa masa sunayen za su iya nuna tsirran a yau.

Abin da ake asara

A ƙarshen shekarun 1990 wasu malaman kimiyya biyu a Amurka, James Wandersee da Elisabeth Schussler, suka ba wata ɗabi'a suna da za a iya fassarawa da makantar tsirrai: mutum ya ga hoton zaki a cikin daji ya ce zaki ya gani, bai ga bishiyoyi da ciyayin da suka cika hoton ba. Illar ita ce abin da ba a gani ba a kuka da ɓacewarsa.

Kuma suna ɓacewa. Rahoton da lambun Kew ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa biyu cikin kowane nau'in tsirrai biyar na duniya na fuskantar barazanar ƙarewa. A 2023 masanan wurin suka ce adadin na iya kaiwa kashi 45 cikin 100 na tsirrai masu fure.

A Arewa ba sai an buɗe rahoto ba. Gonaki sun cinye saura da burtali. Maganin feshi da ya zama ruwan dare ba ya tambayar wace ciyawa ce mai amfani. Gari na faɗaɗa, ana yanka filaye a fadamun da a da ke cike da bado da albasar kwaɗi. Masu gawayi na bin manyan itatuwa, masu haƙar saiwa na bin rawaya. A dausayin Hadeja da Nguru, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2000, sauyin tafiyar ruwa bayan gina madatsar Tiga a shekarun 1970 da ta Challawa a 1992 ya taimaka wa ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye wuraren noma da su da kiwo.

Maganar ta wuce ta ado. Ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke yi wa kaɗanya, da kabewa, da kankana, da riɗi barbara suna buƙatar fure a kowane lokaci na shekara, kuma da rani furannin daji da na itatuwa ne ke riƙe su. Idan suka ragu zuma za ta ragu, amfanin gona ma haka. Mai maganin gargajiya zai ƙara nisan tafiya kafin ya samu abin da kakansa ke tsinka a bayan gida.

Akwai kuma shaidar cewa abin na gyaruwa idan mutane suka san darajar na gida. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturan gawo da sauran itatuwan gida su sake tofowa a gonakinsu maimakon sare su. An ƙiyasta cewa hakan ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba baƙon iri aka kawo ba, wanda ke cikin ƙasa aka bari ya tashi.

Kan sarki na da sauran amfani?

Mai karatu na iya cewa, wa ke aika wasiƙa yanzu? Gaskiya ne wayar hannu da WhatsApp sun kwashe cinikin, kuma akwatunan gidan waya da yawa sun yi tsatsa. Yara da dama da aka haifa bayan shekarar 2000 ba su taɓa manna kan sarki ba.

Duk da haka bai mutu ba. Ana manna shi a rasit da takardun yarjejeniya, kuma kuɗin da ke cikin wannan harka ne ya jawo taƙaddamar da aka yi a bainar jama'a a 2020 tsakanin NIPOST da hukumar tara haraji ta tarayya kan wa ke da hurumin karɓa. Ana aika kaya ta gidan waya. Akwai kuma masu tara kan sarki a faɗin duniya, kuma furanni na cikin fannonin da suka fi so, tare da tsuntsaye da jiragen ƙasa. Duk wanda aka saya aka adana a kundi ba a aika wasiƙa da shi ba, riba ce tsantsa ga hukumar da ta buga. Wani lokaci ma ya zama dukiya: kan sarkin fam 25 na Arewacin Najeriya da aka buga a 1904 yana cikin waɗanda masu tarawa ke biyan maƙudan kuɗi a kansu.

Sannan kan sarki takardar hukuma ce. Duk wanda ƙasa ta fitar yana shiga kundayen da ake bugawa a Ingila, da Amurka, da Faransa, da Jamus, ya zauna a can har abada. Idan aka buga hoton rawaya, aka rubuta sunanta na kimiyya, a gefe kuma aka sa na Hausa, da na Fulfulde, da na Kanuri, to an adana sunayen a inda gara ba ta ci.

Kayan aikin duk suna nan. Najeriya na da kamfanin buga kuɗi da muhimman takardu tun 1963. Cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan na da babbar ma'ajiyar busassun tsirrai, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma na da tata, ga kuma sashen koyar da zane da ya yi suna tun kafin samun 'yanci. Abin da ya rage shi ne a haɗa masanin tsirrai da mai zane, a tura su daji a lokacin da kowane fure ke fitowa, a kuma tabbatar kowane yanki na ƙasar ya ga nasa. Za a iya fitar da jerin ranar 9 ga Oktoba, ranar gidan waya ta duniya, a raba manyan hotunansa ga makarantun firamare, a kuma bi sawun Suwizalan a ƙara 'yan nairori a kan farashin don tallafa wa lambunan adana tsirrai.

Ga mai tsofaffin wasiƙu

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun jama'a. Gidaje da yawa na da adaka ko tsohuwar jaka cike da wasiƙun iyaye da kakanni. Kada a yi saurin zubarwa ko ƙonawa.

Idan ambulan ɗin na da hatimin gidan waya mai nuna gari da kwanan wata, gara a bar shi yadda yake, domin sau da yawa cikakken ambulan ya fi kan sarkin da aka ɓamɓare daraja. Idan kuwa ya riga ya yage, sai a yanko gefen da kan sarkin yake, a jiƙa a ruwa mai tsabta marar zafi har ya saki da kansa, a shanya shi a kife a kan takarda a inuwa, sannan a danne shi cikin littafi. Ba a fizgarsa, ba a manna shi da gam ko salatif, domin haƙoran gefensa da bayansa na cikin abin da ake dubawa. A ajiye shi nesa da laimar damina da hasken rana.

Wanda ya yi sa'a zai iya tarar da shuɗin furen nan na kwabo 10 ko jan nan na kwabo 30. In kuma damina ta faɗi, ya ja yaransa zuwa bayan gari ko gindin dutse su nemi ganye huɗu a shimfiɗe a ƙasa da fure ruwan ɗorawa a tsakiya, ya gaya musu sunansa da Hausa, ya kuma nuna musu inda yake a jikin naira.